Sharhi: ma'anar "ex ante" da yadda ta shafi gidajenmu a Briqueterie



Ɗalibanmu da ke karatun shari'a ko tattalin arziki a jami'ar Soa sukan ci karo da wasu kalmomi biyu na harshen Latin, wato "ex ante" da "ex post". Haka nan duk wanda ya buɗe rahoton Bankin Duniya kan wani aikin hanya, ko takardun ma'aikatar tsare-tsaren tattalin arziki, zai tarar da su. Da yawa sukan haddace su don jarrabawa, su manta da zarar an fito. To amma abin da ke ƙunshe cikin kalmar farko ya shafi har maigidan da bai taɓa shiga aji ba, domin shi ne ke raba wanda za a biya diyya idan aka rushe gidansa da wanda zai kwashe kwanonsa da katakonsa ya tafi hannu rabbana. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware ma'anarta, mu kuma duba inda take aiki a dokokin Kamaru.

Asalin kalmar

"Ex ante" na nufin tun kafin abu ya auku. Kishiyarta "ex post" na nufin bayan ya auku. Wanda ya yayata su a ilmin tattalin arziki shi ne Gunnar Myrdal, masani ɗan ƙasar Suwidin, a shekarun 1930, lokacin da yake bambanta abin da mutane suka yi niyyar ajiyewa ko zubawa a jari da abin da lissafi ya nuna a ƙarshen shekara.

Misalin yana nan a bakin titinmu. Tela kafin azumi yakan zauna ya ƙiyasta riguna nawa zai iya ɗinkawa kafin sallah, zare nawa zai saya, yara nawa zai ɗauka, da kwana nawa wuta za ta iya ɗaukewa. Wannan lissafin "ex ante" ne. Bayan sallah kuma ya ƙidaya abin da ya shigo, da bashin da ya maƙale, da masu kayan da suka yi fushi. Wannan "ex post" ne. Na biyun ya fi na farko gaskiya, domin ba hasashe a cikinsa. Na farkon kuwa shi kaɗai ne ake iya gyara wani abu da shi. Bahaushe ya riga ya taƙaita zancen da ya ce tun ran gini, tun ran zane.

A takardun hukuma na Faransanci da muke gani a nan, sau da yawa ba wannan kalmar ake rubutawa ba. Za ka ga "a priori" ko "préalable". Duk hanya ɗaya suka nufa.

Ma'ana uku a fagen shari'a da mulki

Ta farko ita ce neman izini kafin aiki. Hukuma na da hanya biyu ta hana ɓarna: ko ta ce kada ka fara sai na duba na yarda, ko ta bar ka ka yi, in ka yi laifi ta kai ka kotu. Takardar izinin gini, lasisin tuƙi da izinin sayar da magani duk na hanyar farko ne. A shekarar 2022 Tarayyar Turai ta kafa dokar kasuwannin intanet wadda ta gindaya wa manyan kamfanoni irin su Google da Apple da Meta sharuɗɗa tun da wuri, saboda ta lura shari'ar da ake yi da su bayan sun danne ƙananan kamfanoni takan ɗauki shekaru, kafin a yanke hukunci mai ƙara ya riga ya durƙushe.

Ta biyu ita ce auna tasirin doka ko aiki kafin a zartar. Wa zai amfana, wa zai cutu, nawa za a kashe, akwai wata hanya mai sauƙi? Amurka ta wajabta irin wannan bincike kan muhalli tun daga 1970. Faransa kuma tun 2009 ta wajabta wa gwamnati ta haɗa ƙudurin doka da rahoton tasirinsa kafin ta miƙa wa majalisa.

Ta uku ta shafi mahangar alƙali. Idan likita ya yi aiki majiyyaci ya rasu, tambayar adalci ita ce: da abin da ya sani a wancan lokaci, da kayan aikin da ke gabansa, ya yi abin da ƙwararre mai hankali zai yi? Kowa malami ne bayan sakamako ya fito. Daga wannan tushe ne ƙa'idar da ke cikin gabatarwar Tsarin Mulkinmu ta fito, cewa doka ba ta komawa baya ta kama wanda ya yi abu kafin a kafa ta. Dole mutum ya san iyaka tun kafin a ce ya ƙetare ta.

Inda ake bincikar talaka kafin ya motsa

Idan muka jera dokokin ƙasar nan, za mu ga ɗan ƙasa na fuskantar irin wannan bincike kusan a kowace kusurwa.

Dokar tsara birane mai lamba 2004/003 ta 21 ga Afrilu 2004 ta ce ba a gini sai da izinin magajin gari. Ta kuma haramta gini a filayen da ke fuskantar ambaliya, zaizaya ko zaftarewar ƙasa. Dokokin filaye na 6 ga Yuli 1974 da dikirin 27 ga Afrilu 1976 sun mai da takardar mallakar fili, wadda kowa ya sani da titir fonsiye, ita ce shaidar mallaka a idon hukuma. Cinikin fili kuma sai a gaban noter, wato jami'in shari'a da aka ba hurumin rubuta irin wannan ciniki. Takardar da aka rubuta a zaure da shaidu biyu tana da daraja a tsakaninmu, amma ba ta mai da mutum mai fili a gaban kotu.

Doka mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990 kan 'yancin kafa ƙungiya ta raba ƙungiyoyi gida biyu. Ƙungiyar yau da kullum, kamar ta matasa ko ta 'yan kasuwa, sanarwa kawai take kaiwa ofishin firefe, in ya yi shiru wata biyu an ɗauka ya amince. Ƙungiyar addini kuwa sai da izini, izinin ma da dikirin Shugaban Ƙasa, bayan ministan harkokin cikin gida ya ba da ra'ayinsa. Ga bambancin "ex post" da "ex ante" a cikin doka guda. Doka mai lamba 90/055 ta wannan rana ta buƙaci a sanar da sufurefe kwana 3 kafin taron jama'a, kwana 7 kafin jerin gwano a kan titi, sai dai ta keɓe fitowar da ta dace da al'adun gari ko na addini. A rubuce sanarwa ce, amma tunda sufurefe na da ikon hana jerin gwano in ya ga zai iya ta da hankali, a aikace takan koma neman izini.

Inda doka ta ɗora wa hukuma nata nauyin

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ita ma hukuma dokokin sun ɗaure ta da ayyukan da dole ta yi kafin ta taɓa kowa.

Doka mai lamba 85/09 ta 4 ga Yuli 1985 ita ce ke tsara karɓe fili don amfanin jama'a. Ƙa'idarta ita ce a biya diyya kafin a tashi mutum. Dikirin 16 ga Disamba 1987 ya fayyace matakan: minista mai kula da filaye ya ayyana aikin a matsayin na amfanin jama'a, a kafa kwamitin da zai ƙidaya gidaje da itatuwa ya yi musu kuɗi, a sanar da mutanen wurin aƙalla kwana 30 kafin ranar binciken, a kuma yi shi a bainar jama'a. Bayan dikirin karɓe filin ya fito, ana ba mazauna wata 6 su tashi, ko wata 3 in aikin na gaggawa ne.

Sai dai dokar ta bar ƙofofi biyu a buɗe. Ta farko, ta yarda a wasu lokuta mai aikin ya shiga filin da zarar dikirin ya fito, tun ba a biya kuɗin ba. Ta nan diyyar da aka ce "kafin" take komawa "bayan", kuma ƙorafin jinkirin diyya ya bi manyan ayyuka irin su babbar hanyar Yawunde zuwa Duwala. Ta biyu ta fi zafi a gare mu: sashe na 10 ya ce babu diyya ga ginin da ya tsufa yana shirin faɗuwa, ko wanda aka yi ba bisa dokar tsara birane ko dokar filaye ba. Wato takardar da ba ka nema ba shekara 20 da suka wuce ita za ta yanke maka hukunci ranar da katafila ta iso.

Ta fuskar muhalli, doka mai lamba 96/12 ta 5 ga Agusta 1996 ta wajabta binciken tasiri kafin duk aikin da zai iya cutar da muhalli. Dikirin 14 ga Fabrairu 2013 ya haɗa da tasiri ga rayuwar jama'a, ya kuma ce dole a zauna da mutanen da abin ya shafa, a aika wa wakilansu jadawalin zaman kwana 30 kafin taron farko, a rubuta abin da aka tattauna a sa hannu. Ta fuskar kuɗi, dikirin Firaminista na 21 ga Yuni 2018 ya ce kada a saka aikin gwamnati cikin kasafi sai ya nuna, wato an kammala nazarinsa, an san filin da za a yi shi da abin da zai ci.

Hatta dokokin kansu ana iya tantance su kafin su fara aiki. Tsarin Mulkin 18 ga Janairu 1996 ya ba Majalisar Kare Tsarin Mulki wannan hurumi, ko da yake sai a Fabrairun 2018 aka naɗa mambobinta 11. Amma masu ikon kai mata doka 'yan kaɗan ne: Shugaban Ƙasa, shugabannin majalisun biyu, kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar dokoki ko na dattawa, da shugabannin yankuna kan abin da ya shafi yankunansu. Talaka ba ya cikin jerin, kuma da zarar an sa wa dokar hannu ƙofar ta rufe. A jamhuriyar Benin kowane ɗan ƙasa na iya kai ƙara kotun tsarin mulki kai tsaye. A Faransa tun Maris 2010 wanda ke gaban shari'a na iya ƙalubalantar dokar da za a hukunta shi da ita. Wannan ya nuna bincike kafin aiki shi kaɗai bai wadatar ba, musamman idan makullinsa na hannun waɗanda suka rubuta dokar.

Abin da Yawunde ta gani

Mazauna Briqueterie ba baƙin tashi ba ne. Kakannin Hausawan birnin sun fara zama ne kusa da tsakiyar gari, a zamanin mulkin Faransa aka matso da su nan Ekoudou, wurin da ya samo sunansa na yanzu daga masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa. A shekarun da Gilbert Tsimi Evouna ya jagoranci hukumar birnin, daga 2005 zuwa 2020, rusau ya bi ta Etetak, ya bi ta Ntaba a 2008, ya kuma taɓa wani yanki na unguwarmu. Hujjar hukuma a lokacin ita ce gine-ginen ba bisa ƙa'ida suke ba, ko suna wurare masu haɗari. Jan gicciyen da ake shafawa a bango ya zama sanarwar da mutane da yawa suka fara gani.

A ɗaya ɓangaren kuma, ranar 27 ga Nuwamba 2022 ƙasa ta zaftare a unguwar Damas kan mutanen da suka taru wajen zaman makoki, fiye da mutum 10 suka rasu. Ranar 8 ga Oktoba 2023, bayan ruwan sama mai ƙarfi, katangar da ke tare wani tafki a Mbankolo ta ɓalle, ruwa da laka suka share gidaje, kusan mutum 30 suka rasa rayukansu. Mbankolo na cikin ƙaramar hukumar Yawunde ta 2, wadda mu ma muke ciki. Bayan haka ne aka shiga rushe gidajen da ke gangaren.

Wanda ya dubi Mbankolo ba zai ce dokar hana gini a gangare zalunci ce ba. Dokar na nan tun 2004, shekara 19 kafin masifar. Tambayar ita ce ina masu aiwatar da ita suke ranar da aka aza tubalin farko, wa ya duba lafiyar katangar, kuma wane fili mai araha aka nuna wa mai ƙaramin ƙarfi da aka ce kada ya gina a can? Dokar da aka rubuta don rigakafi, idan aka ajiye ta sai bayan an binne mutane, ta zama ihu bayan hari, kuma nauyinta kan faɗa wa waɗanda suka tsira.

Haka zancen yake a kuɗin jama'a. A 2020 aka ware sefa biliyan 180 don yaƙi da cutar korona. A 2021 sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya fitar da rahoto mai nuna kurakurai da dama, har da tsauwala farashin kayan gwaji. Rahoton ya yi amfani, domin ba don shi ba da ba a sani ba. Amma kuɗin da tacewar farko za ta iya tsarewa sun riga sun fita.

Iyakar rigakafi

Kada a fahimci cewa duk abin da aka kira "kafin" alheri ne. Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da nazarin wannan a babin saddu zari'a, wato toshe hanyar da ke kai wa ga ɓarna. Imam Alƙarafi, malamin Masar da ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya kasa hanyoyin gida uku. Akwai wadda aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a kan hanyar da mutane ke bi. Akwai wadda aka haɗu a kan ba a toshe ta, kamar noman inabi, ba a hana shi don tsoron wani zai yi giya da shi. Akwai kuma ta tsakiya wadda malamai suka yi saɓani a kanta.

Wannan ma'auni ne mai amfani ga ɗalibin shari'ar zamani. Inda cutar take babba, mai yiwuwa ƙwarai, kuma ba ta gyaruwa, kamar rai ko rushewar bene, bincike kafin aiki ya wajaba. Inda cutar take nesa kuma kotu na iya gyara ta, kamar magana ko taro ko ƙaramar sana'a, yawan neman izini kan toshe halal mai yawa don tsoron haram kaɗan. Kowace takardar izini kuma teburi ce da wani ke zaune a bayansa, kuma inda layi ya yi tsawo, nan cin hanci ke samun gindin zama.

Don haka duk lokacin da kuka ji an ce za a yi bincike kafin aiki, ku yi tambaya uku. Wa ake bincika? Wa ke da ikon magana kafin a yanke? Idan mai binciken ya yi jinkiri ko kuskure, wa zai ɗauki asarar? A halin da muke ciki, mai gida ne ake bincika, shi ne kuma ke ɗaukar asara, muryarsa ce ba a cika ji ba. Gyaran da ya kamata a nema shi ne hukuma ta riƙe wa'adinta da irin tsananin da take riƙe talaka da nasa.

Abin da ke hannunmu

Na farko, takardun gida. Yawancin rigimar kan taso ne a gidan gado, inda takarda ke ɗauke da sunan kaka, magada sun watsu tsakanin Yawunde da Garwa da Kano. A zauna a yi rabon gado yadda shari'a ta tsara, a nemi hukuncin kotu mai tabbatar da magada, a sauya suna a takardar. Wanda iyalinsa suka zauna ko suka raya fili tun kafin 5 ga Agusta 1974 yana da hanyar neman titir fonsiye kai tsaye, wadda dikirin 16 ga Disamba 2005 ya sauƙaƙa. Wannan ya shafi filayen masallatai da makarantun Islamiyya ma, musamman waɗanda wani bawan Allah ya bayar da baki ya rasu ba a rubuta ba.

Na biyu, halartar zama. Idan aka sanar da zuwan kwamitin ƙidaya ko taron jin ra'ayi, wanda bai je ba ya bar wa wasu su rubuta labarinsa. A je da kwafin takardu da hotunan gida, a tabbatar an rubuta suna daidai, kada a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba.

Na uku, kasafin ƙaramar hukuma. Doka mai lamba 2019/024 ta 24 ga Disamba 2019 ta ba kowane mazauni damar miƙa shawara ga magajin gari, da neman kwafin kasafi da tsarin raya ƙasa da bayanan zaman majalisar gari da kuɗinsa. A nan ake sanin inda hanya ko magudanar ruwa za ta bi tun tana kan takarda.

Na huɗu, aikin ɗalibai. Ku ne kuka iya Faransancin waɗannan takardu. Babban amfanin karatunku ga unguwa shi ne ku karanta wa dattawa sanarwar da aka manna a ofishin sufurefe, ku ƙirga musu kwanakin wa'adi, ku taimaka a rubuta ƙorafi kafin lokaci ya ƙure. Limamai da masu unguwa kuma su ba irin wannan sanarwa muhimmancin da suke ba sanarwar ɗaurin aure, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Damas da Mbankolo, ya tsare mana gidajenmu da zuriyarmu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.